Tiyatar haɗe ƙashin baya ta kwiɓi: inda haɗarin yake

Idan faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya lalace har ciwon kwankwaso ya ƙi jin magani, likitoci kan cire shi, su sa wani ɗan akwati mai ɗauke da dashen ƙashi a gurbinsa domin gaɓoɓin biyu su haɗe. A da ta baya ko ta ciki ake shiga. Wani likita ɗan Burazil, Luiz Pimenta, ya gabatar da hanyar shiga ta kwiɓi a 2001. Yankan ƙarami ne, jinin da ake zubarwa kaɗan ne.

Sai dai hanyar tana ratsa tsokar sowas, wadda ke ɗaga cinya, kuma a cikinta jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa ƙafa suke kwance. Shi ya sa wasu majinyata kan farka da dindiris ko zafi a gaban cinya. Galibi yakan wuce cikin makonni ko watanni, amma idan babbar jijiyar cinya ta ji rauni, miƙe gwiwa kan gagara. Haɗarin ya fi yawa tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5 na kwankwaso, inda jijiyoyin suka fi matsowa gaba. Ƙasa da nan kuwa ƙashin ƙugu ya tare hanya.

Rigakafin tun daga hoton MRI yake farawa, inda likita zai duba kwanciyar tsokar da manyan jijiyoyin jini, ya ga ko hanji ya shigo hanya. A ɗakin tiyata ana kwantar da majinyaci a gefe, a ɗan lanƙwashe cinyarsa don tsokar ta saki, kuma ba a cika karya gadon fiye da kima. Na'urar da ke auna saƙon jijiya ita ke gargaɗin likita idan ya kusanci wata, don haka mai ba da maganin barci ba ya amfani da magungunan sassauta tsoka masu daɗewa. Na'urar ma ba ta kama kowane rauni, musamman na jijiyoyin ji. Lokaci shi ma abin lura ne: gwargwadon daɗewar ƙarfen buɗe tsoka, gwargwadon matsin da jijiya ke sha.

Akwai kuma nutsewar akwatin cikin ƙashi, musamman ga masu raunin ƙashi. Akan auna ƙarfin ƙashin tun kafin aiki, a zaɓi akwati mai faɗi wanda zai hau gefuna masu tauri. Mai shan taba kuwa akan nemi ya daina, domin tana jinkirta haɗewar.