Wasan gida a garin wasu: Inda Kano Pillars ke zuwa, da inda ba ta zuwa

A tsarin gasar firimiya ta Najeriya, wato NPFL, ƙungiyoyi 20 ne ke fafatawa, kowacce kuma tana da wasa 19 a gida, 19 a waje. "Gida" a nan yana nufin filin da ƙungiya ta yi wa rajista da hukumar gasar kafin a fara kakar wasa. Ga Kano Pillars, wannan gida shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda aka fi lissafa shi da kujeru kimanin 16,000. Sai dai a 'yan shekarun nan, Sai Masu Gida sun sha karɓar baƙuncin abokan karawarsu a garuruwan da su kansu baƙi ne.

Kafin a fahimci nauyin wannan, sai an tuna abin da filin yake a wurin ƙungiyar. An kafa Pillars a 1990, ta lashe gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, ba wanda ya doke ta a gida a wasan lig, sama da wasa 200, har sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2-1. Kano na cikin garuruwa ƙalilan a Najeriya da wasan cikin gida ke cika fili, a lokacin da ake buga wasu wasannin gasar a gaban kujeru wayam. Wannan taron jama'a shi ne jarin ƙungiyar, shi ne kuma ya sha jefa ta cikin masifa.

Ƙaura uku

Ta farko ta tilas ce. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar korona, saboda haka Pillars ta koma filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. A can Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, ya yi wasannin gida da ya dawo ƙungiyar a 2021. Kanawan da suka so ganin ɗansu sanye da rigar Pillars sai da suka yi tafiyar fiye da kilomita 200.

Ta biyu hukunci ce. A watan Afrilun 2022, da ƙungiyar ta dawo Kano, wasanta da Katsina United ya tashi baram-baram, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta zaftare mata maki uku, ta ci ta tara, ta tura ta Abuja. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta sake haurowa. Ta uku ma hukuncin ce: a watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo ana gab da tashi, magoya baya suka afka cikin fili, aka sake zaftare maki uku, aka ce ƙungiyar ta koma filin Muhammadu Dikko da ke Katsina.

Kaduna, Abuja, Katsina. Duk manyan birane ne, duk a wajen jihar, kuma babu ɗaya da ƙungiyar ta zaɓa don tana son kai wasa ga wasu mutane. A wurinmu, ɗauke wasan gida daga gida horo ne. A wasu ƙasashen kuwa dabara ce da ake tsarawa da gangan.

Darasi daga masu zari-ruga

Misali mafi fitowa fili yana Ostireliya, a gasar NRL ta ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare. Yawancin ƙungiyoyin gasar a birnin Sidni suke, alhali da yawa daga cikin 'yan wasa da magoya baya 'yan garuruwan noma da kiwo ne na cikin ƙasa. Don haka ƙungiyoyi kan ware wasa ɗaya daga cikin wasanninsu na gida su kai can. Penrith Panthers, wadda ta lashe gasar sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, tun 2014 take kai wasa garin Bathurst, kimanin kilomita 200 yamma da Sidni, bisa yarjejeniya da majalisar yankin. Garin bai wuce mutum dubu arba'in da 'yan kai ba, amma a wasu shekarun 'yan kallo kan haura dubu goma. Canberra Raiders ta kai nata Wagga Wagga, Wests Tigers ta kai Tamworth.

Ba sadaka suke yi ba. Wasan da ba zai cika babban filin birni ba yakan cika ƙaramin filin karkara, majalisar gari tana sa hannu a kuɗin shiri saboda cinikin da masaukai da gidajen abinci ke yi, ƙungiya kuma tana kama zukatan yaran da za su zama 'yan wasanta da masu sayen rigarta gobe. Akwai masu ƙorafi, musamman waɗanda suka biya tikitin kaka guda a birni, aka rage musu wasa ɗaya.

Arewacin Kano

Mazaɓar Sanatan Kano ta Arewa tana da ƙananan hukumomi 13, daga cikinsu akwai Bichi, Dambatta, Dawakin Tofa, Bagwai, Makoda, Tsanyawa, Shanono da Gwarzo. Wannan yanki yana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, abin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari a kai: gona na manne da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, ƙauye na hango ƙauye. Wanda ya tsaya a Bichi, mutanen da za su iya iso masa a kan babur cikin rabin sa'a ba kaɗan ba ne. Matsalar da ke damun ƙungiyoyin Ostireliya, wato nisa da ƙarancin mutane, babu ita a nan.

Ƙwallo ma ba baƙuwa ba ce. Da wuya a sami garin da ba shi da gidan kallo, inda matasa ke biyan kuɗi su kalli Arsenal da Real Madrid da wutar janareta ko ta hasken rana, ko filin firamare da ake gasar unguwanni a kai bayan Sallah. Al'adar kai wasa ga manoma kuwa ta girmi lig ɗin kanta: 'yan dambe da 'yan kokawa tun kaka da kakanni suke bin garuruwa bayan an yi girbi, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, kuɗi ya shiga aljihu. Kalandar NPFL ta yanzu, da ke farawa a ƙarshen damina ta ƙare da bazara, ta faɗa daidai wannan lokaci.

A nan siyasa take shigowa. Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, daga baitulmalin jihar ake biyan albashi da kuɗin tafiye-tafiye, kuma baitulmalin na ƙananan hukumomi 44 ne, ba na takwas ɗin cikin birni kaɗai ba. Manomin albasa a bakin madatsar Watari yana da haƙƙi a ƙungiyar daidai da ɗan kasuwar Kwari. Amma kafin ya ga wasa, sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya sayi tikiti, ya dawo cikin dare. Abin dariya da takaici shi ne, idan an kori ƙungiyar zuwa Katsina, motocin magoya baya ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa suke bi su wuce.

Ko Barau FC, wadda Sanatan yankin kuma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin ya kafa a 2024, da ta hau NPFL a 2025, filin Sani Abacha ta shigo.

Abin da ke hanawa

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar gasar ba ta amincewa da fili sai yana da ciyawa mai kyau, da shingen da ya raba 'yan kallo da 'yan wasa, da ɗakunan sauya kaya na ƙungiyoyi da na alƙalan wasa, da motar asibiti, da wurin kafa kyamara, da ƙofofin da za a iya sarrafa shiga da fita. Ƙungiyar da aka hukunta sau biyu cikin shekara huɗu saboda kutsen magoya baya a fili mai katanga, ba za a miƙa mata filin da igiya ce iyakarsa ba. Ga kuma hare-haren 'yan bindiga da aka samu a sassan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, waɗanda za su sa kowane jami'in tsaro ya yi tunani kafin ya amince da taron dubban mutane. Masu horarwa ma ba za su so ba, domin a gasar da cin wasan waje ke da wuya, babu mai wasa da makin gida.

Amma ba kowane wasa ne na lig ba. Akwai wasannin share fage kafin kaka, da gasar kofin jiha, da wasannin ƙungiyar matasa, da atisayen da ake buɗe wa jama'a, waɗanda sharuɗɗansu ba su kai na NPFL tsauri ba. Da su ake gwada ko gari zai iya riƙe taro, a ƙirga tikiti, a ga inda shinge ya gaza. Idan za a gina filayen wasa a ƙananan hukumomi, tambayoyin da mai zaɓe zai yi wa ɗan majalisarsa su ne ko an tuntuɓi hukumar gasar kan ma'auninta kafin a zuba tubali, da wanda zai riƙa shayar da ciyawar a watan Maris, da kuma daga wane asusu.

Wasannin NPFL galibi ranar Lahadi ake yin su da ƙarfe huɗu na yamma. Ranar ce kuma kasuwar Dambatta ke ci, lokacin da motoci daga Makoda da Kazaure da Babura suka riga suka kawo mutanen garin, kuma ba sa juyawa sai rana ta yi sanyi.