Hutu A Akra: Birnin Bakin Teku Da Za Ka Je Ba Biza, Kuma Hausa Ta Ciyar Da Kai

Duk ƙarshen shekara sai hotunan 'yan fim da mawaƙa su cika Instagram, wannan a Dubai, waccan a Alƙahira, ga teku a bayansu ga baƙin gilashi a ido. Mu kuma 'yan Gangara da Sabon Birni da Isa sai dai mu danna alamar so mu wuce, muna ganin abin na masu hannu da shuni ne kawai. To akwai birnin bakin teku a ƙasar waje da ɗan Najeriya ke shiga ba tare da biza ba, ana zuwa da mota, kuma in ka sauka za ka yi ciniki, ka nemi masauki, ka tambayi masallaci duk da Hausa. Akra ke nan, babban birnin Gana, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara. Ba Ankara ta Turkiyya ba fa.

Takardu da hanya

Gana da Najeriya duk suna cikin ECOWAS, don haka kana da damar zama har kwana 90 ba biza. Amma ba biza ba ya nufin ba takarda. Sai da fasfo, da kuma katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Kar ka raina katin nan, a kan iyaka shi ne abin da aka fi tsare mutane a kansa. Fasfo a ofishin shige da fice na Sakkwato ake yi, sai da lambar NIN, kuma tun Satumbar 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000. Fara nemansa da wuri, kar ka bari sai saura sati biyu.

Hanyar da fataken da suka bi zuwa Gwanja sayen goro ta yamma take, ta ƙasashen da yanzu suke Nijar da Burkina Faso. A taswira ita ta fi mana kusa, tunda mu a bakin iyaka muke. Ni dai ba zan ba kowa shawarar binta don yawon hutu ba. Nijar da Burkina da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga kuma rashin tsaro a gabashin Burkina. Hanyar kudu ita ce hanya: Sakkwato zuwa Legas, kusan kilomita 1,000, sannan daga Legas a bi bakin teku. Za ku ƙetare iyaka uku: Seme ku shiga Benin ku ratsa Kwatano, Hilakonji ku shiga Togo ku ratsa Lome, sai Aflao ku shiga Gana. Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda cur yake ci saboda tsaye-tsayen iyaka. Kamfanoni irin su ABC Transport suna da manyan motoci masu zuwa kai tsaye, kuma sun fi sauƙin sha'ani ga sabon shiga, don ma'aikacin motar ne ke tattara fasfo ya kai a buga hatimi. Mai hali ya hau jirgi daga Legas, awa ɗaya ya isa.

Mu kam mun san inda wuyar tafiyar take. Ba Seme ba ce, ba Aflao ba ce, tsakanin gida da Sakkwato ne. A fita da rana tsaka-tsaki, a tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin a hau, kuma kar a yi ta shelar ranar tafiya a Facebook. Hotuna sai an dawo.

Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, tun daga Togo za ka gyara. Kuɗinsu sidi ne. Ka yi canji a shagon canji mai lasisi, ka guji masu tare mutane da damin kuɗi a bakin iyaka, don ƙirgensu ya fi idonka sauri. A cikin gari akwai Bolt da Uber, akwai kuma ƙananan bas da suke kira tirotiro, su ne na talaka.

Zango

Nan ne daɗin Akra yake ga Bahaushe. Ji sunayen unguwanni kawai: Tudu, Fadama, Sabon Zango, Madina. Hausawa sun zo ta hanya biyu, fatake da malamai ta wajen Salaga, da kuma sojojin Hausawa da Turawan Ingila suka ɗebo daga Legas lokacin yaƙin Asante na 1874. Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima, wadda ta fi kowace suna yanzu, ta taso ne a shekarun 1930 a filin da Malam Amadu Futa ke kiwon shanu. A Nima ɗan ƙwallon nan Mohammed Kudus ya tashi kafin ya je Ajax da West Ham.

Ba kowane ɗan zango ne Bahaushe ba. Akwai Dagomba, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Mosi, Wangara, amma Hausa ce ta haɗa su. Sai dai ka shirya kunnenka, Gananci daban yake. Ba su cika bambanta namiji da mace a magana ba, za ka ji an ce "Amina ya zo", kuma ƙ da ɗ da ɓ duk sun miƙe sun zama k da d da b. Kar ka yi dariya. Kai ma in ka saki Gobiranci, ka ce "mi kaka so" ko "shina nan", kallon da za su yi maka ke nan.

Abinci kuwa kamar kana gida. Da safe koko da ƙosai, wanda duk Gana ke kira Hausa koko. Abincin da suka fi alfahari da shi, waakye, sunansa daga wake ya fito: shinkafa da wake ce da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, akwai tsire da suke kira cicinga, akwai fura, akwai burkina, wato gero da nono mai sanyi. In ka fita daga zango zuwa wajen Osu ko bakin ruwa, tambayi naman da ke cikin miya kafin ka ci, ana sayar da alade a fili. Kifi soyayye da dokunu, wannan tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, shi ne mafita kuma ya fi arha.

Juma'a ka yi ta a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, dab da Nima. Turkawa ne suka taimaka aka gina shi da fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe a 2021. Babban limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen 1919 ne, gidansa yana Fadama, kuma Kirista da Musulmi duk suna girmama shi.

Teku

Labadi ce bakin ruwan da aka fi zuwa. Ana biyan kuɗin shiga, akwai dawakin haya, masu kiɗa, masu gasa kifi, ranar Asabar da Lahadi ba masaka tsinke. Mai son hoto ba hayaniya ya je ranar aiki da safe. A yammacin gari akwai Bojo, inda sai an ɗauke ka a kwalekwale an ƙetare wani ɗan tafki kafin ka taka yashin, ni a ganina ta fi Labadi tsafta da kyan hoto. Gaba da ita akwai Kokrobite, matattarar 'yan rege.

Yanzu ga maganar da nake so kowa ya riƙe. Wanda ya koyi iyo a gulbin Rima da damina yana ganin ya gama sanin ruwa. Teku ba gulbi ba ce. Gulbi gefe ɗaya yake ja, ka san inda ya nufa. A gaɓar Gana igiyar ruwa takan bugo ta koma da ƙarfi ta wani ɗan siririn wuri, ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kafin ka ankara ta yi ciki da kai. Wurin da ya fi kama da kwantacce, inda ba kumfa, sau da yawa nan ne hanyar komawar ruwan. Kusan duk lokacin biki sai an ji labarin waɗanda ruwa ya ci. Kar ka wuce gwiwa in ba ka saba ba, kar ka shiga da dare, kar ka juya wa teku baya kana ɗaukar bidiyon TikTok a kan duwatsu. In kuma ruwa ya ja ka, kar ka yi kokawar komawa kai tsaye, ƙarfinka ne zai ƙare. Yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga jan, sannan ka nufo tudu.

Jamestown ce tsohuwar unguwar masunta, ta ƙabilar Ga masu garin. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, akwai tsofaffin ganuwoyin Turawa, James Fort ta Ingilishi da Ussher Fort ta mutanen Holan. Maƙwabciyarta Bukom ita ta haifar da ɗan damben nan Azumah Nelson, har gobe yara na atisaye a gefen titi, masu son dambe za su ji daɗin wurin. Ranar Talata masuntan Ga ba sa shiga teku bisa al'ada, don haka in kana son ganin jiragen kamun kifi suna dawowa, zaɓi wata rana. Daga nan ba nisa zuwa makwancin Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023, da dandalin Black Star inda a da aka saba yin faretin 6 ga Maris, ranar da suka sami 'yanci a 1957. A dandalin ne kuma ake babbar sallar idi.

Kiɗa da fim

Lokacin zuwa ya danganta da abin da kake nema. Disamba ce kakar wasanni, musamman tun 2019 da gwamnati ta gayyato baƙaƙen fatar Amurka da Turai su zo ganin gida. Akwai AfroFuture, wanda da ake kira Afrochella, a ƙarshen wata. Sarkodie yana yin Rapperholic, Stonebwoy ma yana da nasa. Sai dai kuɗin masauki yana tashi sosai, kuma tikitin wasu wuraren da masu dala aka yi shi. In aljihu bai da nauyi, Agusta ta fi: ana bikin Chale Wote na zane-zane da rawa da kiɗa a kan titi, wanda aka fara a Jamestown a 2011.

Wanda ya fi dacewa da mu shi ne lokacin Sallah. Ƙungiyar VIP, wadda ta yi tashe a farkon shekarun 2000 har a Najeriya, 'yan Nima ne, kuma sun daɗe suna shirya wasan titi na Sallah a unguwar. Black Sherif ma, Mohammed Ismail Sherif, ɗan zangon Konongo ne. Shi ya sa in ka saurari waƙoƙin Gana da kyau za ka riƙa tsintar kalmomin Hausa jefi-jefi. A zango kuma ana kallon finafinan Kannywood ana sauraren mawaƙanmu, kar ka yi mamaki in mai shayi ya fi ka sanin labarin Ali Nuhu.

Watannin da ba a zuwa don kiɗa su ne Mayu da Yuni. Sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikinsu na Homowo, kuma da gaske suke, har lasifikar coci ake kashewa. Lokacin ne kuma ruwan sama ya fi ƙarfi, Akra kuwa tana da matsalar ambaliya. A ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Nkrumah sun kashe fiye da mutum 150.

Sinima akwai Silverbird a Accra Mall. Amma abin da zai fi burge ɗan fim shi ne fastocin hannu. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye sukan sa a zana musu fastar fim da fenti a kan buhun fulawa, a ƙara wa jarumi tsoka da jini fiye da abin da ke cikin fim ɗin. Yau Turawa na sayensu da tsada. A Gana aka ɗauki Beasts of No Nation na Idris Elba da ya fito a 2015, kuma yaron da ya ja fim ɗin, Abraham Attah, ɗan ƙasar ne.

In da sauran kwana ɗaya, shiga mota zuwa Cape Coast da Elmina, wajen awa 3 yamma da Akra. Mutanen Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482. A ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na waɗannan gidaje aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi, kuma da yawansu daga arewa aka gangaro da su. Haile Gerima ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa Sankofa na 1993 a Cape Coast, Obama ma ya ziyarci wurin a 2009. Ba wurin raha da rawa ba ne, a rage murya. Kusa da nan akwai dajin Kakum mai gadar igiya a saman itatuwa, mai jin jiri ya haƙura.

Abu biyu da ke jawo wa baƙo matsala: farar hula ba ya sa kaya masu zanen kakin soja a Gana, ko da wando ne na gayu, kuma ba a ɗaukar hoton fadar shugaban ƙasa ko barikin soja. Na uku, hutu ka zo, kar ka ce za ka ɗan kasa kaya a kasuwa ka mai da kuɗin mota. Dokarsu ta keɓe ƙaramin kasuwanci ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kan haka. Kar kuma ka wuce kwanakin da aka buga maka a fasfo.

Tsaraba kuwa kasuwar Makola, kusa da Tudu: atamfar GTP ko Woodin don Inna, kwalbar shito, da cakulan Golden Tree don ƙanne. Shiton a naɗe shi cikin leda biyu kafin a sa a jaka, mai ne da shi kuma tafiyar kwana biyu ce ko uku kafin a iso gida.