Daga Pravets zuwa Iskandariya: tarihin gasar kwamfuta ta ƴan makaranta

Tun shekara ta 1959 ƙasar Rumaniya ta buɗe gasar lissafi ta duniya ga ɗaliban lise. Sai da aka kwashe kusan shekara talatin kafin ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa ya samu tasa gasar. A watan Oktoba na 1987, lokacin babban taron hukumar UNESCO a birnin Paris, wakilin Bulgariya, masanin lissafi Blagovest Sendov, ya gabatar da shawarar a riƙa tara yara masu hazaƙa daga ƙasashe daban-daban su gwada basirarsu wajen tsara wa kwamfuta umarni. Shawarar ta samu karɓuwa, aka yi zagayen farko a watan Mayu na 1989 a garin Pravets, inda ƙasashe 13 suka hallara, har da Zimbabwe.

Zaɓen wannan ɗan ƙaramin gari ba da ka aka yi shi ba. Nan ne mahaifar Todor Jivkov, shugaban Bulgariya na wancan zamani, kuma nan aka kafa masana'antar da ke ƙera kwamfutoci masu sunan garin, waɗanda aka kwaikwaya daga Apple II ta Amurka. Wata shida bayan gasar, guguwar da ta kada ƙasashen gurguzu ta yi awon gaba da mulkin Jivkov, masana'antar ma ta durƙushe daga baya. Gasar kuwa ta ci gaba, kowace shekara wata ƙasa na karɓar baƙuncinta: Afirka ta Kudu a 1997, Masar a 2008 a Alƙahira, sannan a 2024 a Iskandariya.

Tsarinta ya zauna daram. Kowace ƙasa na aika ɗalibai huɗu, ana zama kwana biyu, kowace rana awa biyar a kan matsaloli uku, kuma kimanin rabin ƴan takara ne ke samun lambar yabo. Ba saurin yatsu ake aunawa ba. Ɗalibi zai iya rubuta umarnin da ke ba da amsa daidai ya faɗi, domin hanyar da ya bi tana cin lokaci fiye da daƙiƙoƙin da aka ƙayyade wa na'urar. Gennady Korotkevich na Belarus ya shiga yana ɗan shekara 11 a 2006, ya fita a 2012 da zinariya shida.

Sai dai gasar da ke ɗaukar yara huɗu kacal daga ƙasa guda ba ta taɓa sauran dubban da ke zaune a aji. Wannan giɓi ne malama Valentina Dagiene ta jami'ar Vilnius ta nemi cikewa a 2004, da ta ƙirƙiro gasar Bebras a Lituwaniya. Tambayoyinta gajeru ne, ba sa bukatar sanin wani harshen na'ura: jera kaya bisa ƙa'ida, gano hanya mafi kusa tsakanin garuruwa, warware saƙon da aka ɓoye. Da yawansu malami zai iya rubuta su da alli a kan allo, ko da makarantarsa ba ta da wutar lantarki. Faransa ta ɗauki gasar a 2011 da sunan Castor informatique, tana ba kowane ɗalibi minti 45.