Tarihin Awon Ƙashin Cinya da na Dantse



Tun kafin Turawa su gina asibitinsu a nan Nasarawa, Hausawa suna da maɗora, masu sana'ar gado, waɗanda ke laluba karaya da hannu, su ja ƙashi ya koma mazauninsa, su ɗaure shi da karare. Ilminsu na hannu ne, ba a rubuta shi ba. Wanda aka rubuta kuwa ya daɗe yana tafiya bisa wani zato, wato wai ƙasusuwan 'yan Adam duka zubinsu ɗaya ne.

Jalinusu, likitan Rumawa na ƙarni na 2, birai da wasu dabbobi ya fi feɗewa, amma aka yi shekara fiye da 1,000 ana karɓar maganarsa ba musu. A wajen shekarar 1200 aka yi yunwa mai tsanani a Misira, har Abdullaɗif al-Bagadadi ya sami damar duban tarin ƙasusuwan mamata da idonsa. Nan ya tabbatar cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinusu ya faɗa. A 1543 Vesalius ya buga littafinsa da ya gyara kurakurai masu yawa, sa'an nan a 1895 Röntgen ya gano hoton ƙashi a Jamus, aka soma auna ƙashin mai rai.

To, da aka auna, me aka gani? Ƙashin cinya yana da wuya wanda ya karkata ya shiga kwatangwalo. Kusurwar da ke tsakanin wuyan nan da jikin ƙashin ta kai wajen digiri 150 ga jariri, amma nauyin jiki da tafiya sukan rage ta har ta tsaya wajen 125 zuwa 130 ga baligi. Wani ya ɗara haka, wani ya kasa, alhali kuwa dukansu lafiyarsu ƙalau. A 1998 Anderson da Trinkaus suka gwada ƙasusuwan al'ummomi daban-daban, suka tarar kusurwar ta fi buɗewa ga mazauna birane masu yawan zama, ta fi tsukewa ga masu yawan tafiya da aikin ƙarfi. Haka nan kan ƙashin dantse yana da 'yar murɗiya zuwa baya, an kuma tabbatar ta fi yawa a hannun da mutum ya saba jifa da shi tun yana yaro. Ashe ƙashi ma yana riƙe da tarihin mai shi: ɗan da ya tashi yana bin shanu da wanda ya tashi a kan bencin makaranta, ba lalle ne awonsu ya zo daidai ba.

Wannan magana tana da nauyi a gare mu. A 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala, inda ake gyara karaya da ƙarfe. Galibin ƙarafan da ake sa wa a kwatangwalo daga ƙasashen waje suke zuwa, an ƙera su a kan kusurwa ƙayyadajjiya, kamar digiri 130 ko 135. In ƙarfe bai dace da ƙashi ba, ƙafa tana iya gajarcewa, mutum ya yi ta ɗingishi. Shi ya sa likita yakan ɗauki hoton ɓangaren da ke lafiya ya auna kafin ya yi aiki, domin babu ma'aunin da ya fi jikin majinyacin kansa.

Saboda haka aiki yana kan jami'o'inmu da ma'aikatun lafiya: a yawaita auna ƙasusuwan mutanenmu, a adana awon, a kuma zauna da maɗora a rubuta abin da suka sani tun masu shi suna da rai.