Ziyarar Gida-Gida: Aikin Tsofaffin Fastocin Kano

A ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa a Kano, ziyara ce ma'aunin fasto a da. Wa'azin Lahadi yana da matsayinsa, amma abin da dattawa suka fi dubawa shi ne ko kekensa na tsayawa a ƙofar gidajen masu bi a tsakiyar mako. Da yawa daga matasan da ke fitowa daga makarantun tauhidi yanzu sun ƙware a shirya babban taro da buga fosta, suna kuma ɗauka cewa ziyara aikin dattawa ne ko na Zumuntar Mata. Ba haka aka gaji aikin ba.

Yanayin Kano ne ya haifi wannan al'ada. A 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS suka iso birnin, Sarki Alu ya sallame su. Da Turawan mulki suka kama ƙasar a 1903, su ma suka taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, aikin ya koma Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito cikakke a 1932. A Kano kuwa, ta hanyar jinya ƙofa ta buɗe. A shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, kamar yadda ya yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 Dakta Hursh na SIM ya buɗe asibitin ido da har yau yake kan titin Mishan, ta wajen Bompai. Mai bisharar da ya koyi aiki a irin waɗannan wurare ba shi da dandali, ba shi da lasifika. A gefen gadon majinyaci ya koya: ya zauna, ya gaisa, ya tambayi mutanen gida, in an ba shi dama ya karanta, ya yi addu'a.

Lokacin da ECWA, ikilisiyar da aikin SIM ya haifa, ta tsaya da ƙafarta a 1954, masana'antu sun fara taruwa a Bompai, daga baya Sharaɗa da Chalawa suka biyo. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na mai suka ja samari daga Kudancin Zariya da Filato da ƙasar Tangale da Adamawa, ga kuma Maguzawa daga ƙauyukan Kano da Katsina. Kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su a sujada. Suka kama ɗakunan haya a Birget da Tudun Wada da Gama da Dakata da Badawa. Mai aikin dare a masaƙa yakan yi makonni bai ga majami'a ba, saboda haka fasto ne yake binsa.

Ziyarar tana da tsari. Fasto yana da littafi mai bangon kwali, ya rubuta kowane gida: sunan maigida da na matarsa, 'ya'ya, garin asali, kamfanin da yake aiki, da ko makon nan na dare yake yi ko na rana. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani, domin ba a tashin wanda ya kwana a gaban inji kafin azahar. A jakarsa akwai Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. In ya isa gidan haya, sai ya fara gaida mai gidan, wanda sau da yawa Musulmi ne, kafin ya wuce ɗakin mai bi. Ba ya shiga ɗakin matar aure in mijinta ba ya nan; a tsakar gida za a shimfiɗa tabarma. Ba ya kuma fara karatu sai ya lura ko an hura wuta a murhu a ranar. In ba a hura ba, kafin magariba kwanon tuwo zai iso daga gidan fasto, ba tare da kowa ya ji ba.

Wannan kwanon ya kai zance ga matarsa, wadda kowa ke kira Mama. Makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin ta Tofa, sukan ɗauki mutum da iyalinsa, a koyar da matar karatu da rubutu da koyar da mata. Ita ce ke kwana da mai naƙuda, ita ke jin kukan amaryar da ba za ta iya faɗa wa namiji damuwarta ba. Gidansu masauki ne: baƙon da ya zo neman aiki, da majinyacin da ya zo asibitin ido daga nesa, duk nan suke sauka, 'ya'yan fasto su koma kwana a zaure. Albashinsa daga baiko yake fitowa, kuma ba ya kai wata. Faston ƙauye ma ya fi shi samun sauƙi, domin yana noma, ana kuma kawo masa damin dawa lokacin godiyar kaka. Abin takaici shi ne da yawa daga waɗannan bayin Allah sun yi ritaya ba su da ko ɗaki ɗaya nasu, Mama kuwa ba a taɓa rubuta sunanta a takardar biya ba.

Ziyarar ba ta tsaya ga masu bi ba. Fasto yana zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa a gidajen maƙwabta, ya karɓi naman Salla, ya aika da shinkafar Kirsimeti. A rikicin Oktoban 1991, wanda ya tashi kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, an yi asarar rayuka da dukiya, amma akwai iyalan da maƙwabtansu Musulmi suka ɓoye. Irin wannan amana ba a rana ɗaya ake gina ta ba, gaisuwar shekaru ce.

Daga ƙarshen shekarun 1980 masana'antu suka fara durƙushewa, saboda tsadar kayan aiki da rashin wutar lantarki, sannan atamfar waje ta cika kasuwa. Ma'aikata suka watse, wasu suka koma gida, wasu suka zama masu gadi da 'yan acaɓa. A nan ne aka fi bukatar ziyara, a nan ne kuma ta fara ja baya. Daga baya saƙon WhatsApp ya maye gurbin keke, tarurrukan kwamiti suka cinye ranakun mako.

Tsofaffin da suka riƙe waɗancan littattafai masu bangon kwali kaɗan suka rage. Ya kamata gundumomin ikilisiya su nemi su, su haɗa kowane sabon fasto da ɗayansu na shekara guda, su kuma biya su haƙƙinsu na ritaya tun suna da rai.