Likitan haƙori ma yana komawa aji: abin da ake koya masa bayan ya kama aiki

Ƙarin horo ga likitocin haƙori shi ne karatun da likita ke ci gaba da yi bayan ya karɓi diplom ɗinsa ya kama aiki. Ba wai ya koma jami'a shekara da shekaru ba. Wani lokaci kwana biyu ne ko uku a zauren taro, wani lokaci mako guda a tsaye kusa da babban likita ana kallon hannunsa, yanzu kuma har ta intanet ana yi. Dalilinsa a fili yake: kayan gyaran haƙori sun canza, ana kan canza su, kuma akwai abubuwan da ake aiki da su yau waɗanda likitan da ya fito makaranta shekara 20 baya bai taɓa riƙewa ba lokacin karatunsa.

A wasu ƙasashe dole ne. A Ingila ana neman likitan haƙori ya cika awa 100 na irin wannan karatu cikin kowace shekara 5, in ba haka ba sunansa na iya fita daga rajista. A Faransa ana duba shi duk shekara 3. A maƙwabciyarmu Najeriya ana tambayar shaidar ƙarin horo wajen sabunta lasisin aiki. A nan wajenmu babbar wahalar ita ce ƙaranci da nisa. Likitocin haƙori ba su da yawa, kuma akasarinsu suna Yamai da manyan birane. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600. In likita ɗaya ne a asibiti ya tafi horo, kujera ta zauna ba kowa har ya dawo, mai kumburin kunci kuma ba ya jira. In bai tafi ba, haka zai ci gaba da aiki da abin da ya koya tun yana ɗalibi.

Maganar zaiba

Abin da ya fi tilasta wa likitoci komawa aji a ƴan shekarun nan shi ne cikon nan mai launin toka da ake gani a mataunin manya, wanda mutane ke kira plombaj. Sunan daga kalmar dalma yake a Faransanci, amma babu dalma a ciki. Likitoci na ce masa amalgam. Kusan rabinsa zaiba ce, sauran azurfa da kuza da jan ƙarfe. Zaibar nan dai ita ce wadda masu tonon zinariya ke amfani da ita wajen tattara zinariya daga ƙasa.

An fi shekara 150 ana aiki da amalgam, kuma gaskiya ba banza ba. Yana da arha, yana da ƙarko, yana jure tauna, kuma ko ɗan yawu ya taɓa wurin ba ya ɓata aikin gaba ɗaya. Matsalar ita ce inda zaibar ke ƙarewa. Ragowar da aka goge ko aka zubar tana bin ruwa ta shiga ƙasa, daga nan kifi, daga nan mutum. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956, aka gano wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a jikin mutanen da ke cin kifin ruwan da wata masana'anta ke zuba dattin zaiba. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta rage zaiba, wadda aka cimma a 2013 ta fara aiki a 2017. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita. A 2022 aka ƙara cewa a guji sa amalgam ga yara ƴan ƙasa da shekara 15 da mata masu ciki da masu shayarwa. Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025, in ban da larura ta musamman. A watan Nuwamba na 2025 kuma, a Janeba, ƙasashen yarjejeniyar suka tsayar da 2034 a matsayin shekarar barinsa. Ƙasashen Afirka na cikin waɗanda suka fi matsawa a kai.

A nan sai mu ja kunnen mai karatu. Wanda ke da tsohon plombaj a bakinsa, bai fashe ba, ba ya ciwo, kada ya ruga a cire masa. Wajen cirewa ne tururin zaibar ya fi tashi, kuma ana rasa wani ɓangare na lafiyayyen haƙori.

Farin ciko, da abin da yake nema

Abin da ya maye gurbin amalgam a manyan asibitoci shi ne kompozit, farin ciko mai launin haƙori. Kyau kam yana da shi, in an yi da kyau ba ka gane wanne aka cike. Amma ba ya yafe kuskure. Amalgam cusa shi ake cikin kogon a danne. Kompozit liƙa shi ake, kuma liƙi yana da ƙa'ida. Sai an tsare haƙorin daga yawu, wani lokaci da wata ƴar roba da ake shimfiɗawa a baki haƙorin kaɗai ya leƙo. Sai a shafa wani ruwa mai tsami na ƴan daƙiƙu a wanke, a sa gam ɗinsa, sannan a riƙa zuba cikon kaɗan-kaɗan, kaurin milimita 2 ko ƙasa, kowane zubi a haska shi da shuɗiyar fitila har ya daskare. In yawu ya shiga, ko an cika zubi da yawa lokaci guda, ko fitilar ta yi rauni, cikon zai ɗan janye daga gefe. Ido ba ya gani. Bayan wata shida ko shekara sai mutum ya ji ruwan sanyi na tsira masa, ruɓa ta koma ta ƙarƙashi.

Shi ya sa ba a koyon wannan aiki da kunne. Horo mai kyau yana da zaman hannu, inda likita zai cike haƙoran roba ko waɗanda aka riga aka cire, malami na dubawa yana cewa sake. Bidiyon da ke yawo a WhatsApp na iya nuna tsarin, amma ba zai gaya maka hannunka ya yi nauyi ba.

Akwai kuma abin da littafin Turai ba ya damuwa da shi, mu kuwa shi ne kullum: zafi da wuta. Kompozit da gam ɗinsa ba sa son zafi. Ɗakin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu na iya rage musu ƙarfi tun kwanan watan da ke jikin kwali bai cika ba. Injin haƙa da na tsotse yawu kuma duk da kuran suke aiki. Likitan da ke aiki a nan sai ya san ajiya a firijo, da abin da zai yi in wuta ta ɗauke bakin mutum na buɗe.

Cikon da ba ya neman kuran

Ga mutanen karkara, a ganina, wannan ne ya fi kowanne amfani, kuma shi ne aka fi ƙarancin jin labarinsa. Akwai wani siminti na haƙori da ake yi da garin gilas na musamman a kwaɓa da ruwansa. Da kansa yake kama haƙori, ba ya neman fitila, ya fi kompozit jure danshi, kuma yana sakin fuluwor sannu a hankali, sinadarin nan da ke cikin man goge baki mai hana ruɓa. A tsakiyar shekarun 1980, a ƙasar Tanzaniya, wani likita ɗan Holan mai suna Jo Frencken ya fito da hanyar aiki da shi ba inji: a ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin da ƴan ƙananan ƙarafa na hannu, a kwaɓa simintin a cike, a danne da yatsa cikin safar hannu. Sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a bukata, yaro ba ya jin ƙarar injin da ke firgita shi. Ana iya yi a kan benci a lakwal ko a likitar ƙauye.

Yana da iyakarsa. A ƙaramin kogo yana daɗewa, a babban kogo da ya ci gefen haƙori ya fi saurin karyewa. In ruɓa ta kai jijiya, ko akwai ƙurji da mugunya, ba a rufe wurin da shi. Gane wannan bambanci shi ne rabin horon. Ɗaya rabin sauri ne, don a zafinmu simintin na daskarewa kafin ka waiga.

Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fuluwor da ake ɗigawa a ruɓaɓɓen wuri ya tsayar da ruɓar, musamman a haƙoran yara kafin famfara. Abin da ake koya wa likita a nan har da magana: wurin da aka shafa yana komawa baƙi, kuma baƙin ba ya fita. In ba a gaya wa uwa tun farko ba, za ta ce an ƙona wa ɗanta haƙori. A 2021 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa wannan ruwa da simintin gilas da man goge baki mai fuluwor cikin jerin magungunan da ya kamata a samu a kowace ƙasa.

Manyan ayyuka

Sauran abin da ake koyarwa ya fi shafar birni. Akwai kashe jijiyar haƙori da sababbin ƙarafa masu lanƙwasa da na'urar auna tsawon saiwa, abin da ke ceton haƙorin da a da cirewa kawai ake. Akwai hoton da ke fita nan take a kwamfuta, wanda mutane ke kira radiyo, ko da yake ba irin tamu ba. Akwai dasa haƙori, inda ake kafa ƙusar titaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi a jira watanni ta kama, aikin da aka fara a Suwidin a 1965. Yana da tsada ƙwarai, kuma mai shan taba da mai ciwon suga da bai daidaita ba sun fi fuskantar faɗuwarsa. Dabam yake da haƙorin Makka, wanda galibi hula ce ake sawa a kan haƙori.

Tsabtar kaya ba sabuwar magana ba ce, amma kusan kowane horo sai an maimaita ta, don aikin haƙori aikin jini ne. Ciwon hanta nau'in B da sida na iya bin ƙarfen da ba a tsabtace ba. Ruwan tafasa yana tsayawa a digiri 100, kuma akwai ƙwayoyin da ke tsira. Tukunyar tururi da ake kira otokilab tana kai 121 ko 134. Mai cire haƙori a kasuwa, da ƙarfe ɗaya da kwanon ruwa, ba shi da ko ɗaya. Ana kuma tuna wa likitoci cewa amoksisilin ba ya warkar da kogon haƙori. Yana iya kwantar da kumburi na ƴan kwanaki, ciwon ya dawo, ƙwayoyin cutar kuma su saba da maganin.

Bakin yaro

Akwai horo guda da ba na likitan haƙori kaɗai ba ne, har majo da anfirmiye da ungozoma. Shi ne gane cutar noma da wuri. Sunan bai da alaƙa da noman gona, daga Girkanci yake, a nan wasu na ce mata ciwon iska. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda ƙyanda ko masassarar cizon sauro ta raunana. Tana farawa da dasashi: ya yi ja, yana jini, baki na wari, yaro na dalala ya ƙi abinci. Sai kunci ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya fara zuba har ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na iya mutuwa. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana kula da masu wannan cuta a Damagaram tun shekarun 1990, a Sakkwato ma akwai asibiti nata na musamman. A Disamba 2023 OMS ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Duk wannan ba ya aiki in ma'aikacin da aka fara kai wa yaron bai ɗaga leɓensa ya duba ba.

Ga ƴan'uwa na waje

Masu biyo mu daga Faransa, Beljiyam, Gana ko Saudiyya, da yawanku kuna haɗa kuɗi ku aiko wa asibitin garinku kaya. Madalla. Amma a tambayi likitan da zai yi aiki da su kafin a saya. Kujerar zamani da ba mai gyara ta in ta tsaya, ko kwalin kompozit da saura wata biyu ya lalace ya kwana cikin kwantena a rana, ba su ƙara komai. Sau da yawa kuɗin mota da masauki na mako guda don likita ko anfirmiye ya je horon hannu, da ƴan kwalayen simintin gilas da zai dawo da su, sun fi wannan arha nesa ba kusa ba.

Wanda zai je a duba bakinsa kuma yana da ikon tambaya. Da me za a cike? Haƙorin nan zai cetu ko sai cirewa? Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a fara. Haka mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini. In yaro ne, a tambaya ko akwai ciko marar zaiba. In kuma dasashinsa na jini, baki na wari, kunci ya fara tashi, kada a jira ranar kasuwa, a kai shi likita mafi kusa a ranar.