Ƙunshin ɗan gudun hijira: zane ma tarihi ne



Tun 2019 muke ganin ƴan uwanmu na jihohin Sakkwato da Zamfara suna ƙetarowa saboda ƴan bindiga, wasu Gidan Rumji cikin jihar Maraɗi, daga baya wasu Bangi ta Madawa. Ku dubi abin da ke bisa kan matan: ƙunshi ne. Gona ba ta ɗaukuwa, rumbu ma haka, amma zane yana goya ɗiya, ya ƙunshe hatsi, da dare ya zama mayafi.

Wanga abu ba yau ya fara ba. A 1808 Alkalawa ta faɗi hannun mayaƙan jihadi, Gobirawa sunka watse, sai 1836 sunka kafa Tsibiri. Sarakunan Katsina da anka kora su ma sun yo arewa, sunka zauna Maraɗi. A watan Mayu 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa, waɗanda sunka tsira sunka shiga daji.

A wancan zamani tufa dukiya ce. Ana biyan bashi da ita, ana musanya ta da gishiri ko dabba. Bature matafiyi Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa baƙin saƙin Kano yana kaiwa har Tumbutu da Turabulus. Turkuɗin da ake rinawa a Kura, kusa da Kano, shi ne Buzayenmu ke naɗawa. Da naɗin rawani, ko aikin allura irin aska takwas a gaban riga, ake gane asalin baƙo da matsayinsa tun bai buɗe baki ba. Wanda ya rasa garinsa, tufarsa ce shaidarsa.

Abin damuwa, yau atamfa da gwanjo sun ci kasuwa, masaƙa da marina na raguwa, tsofaffin da sunka san labarin kowane zane suna tafiya.

Don haka in akwai tsohon saƙi ko gwado a ƙasan akwatin kakarku, kada ku mai da shi tsumma. Ku tambaye ta daga ina ya fito, wa ya ɗauko shi, ku rubuta. In kuma baƙuwa ta sallama da ƙunshi bisa kai, ku tuna kakanninmu ma sun taɓa ɗaukar irinsa.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.